Daron Hadijatu Ya Tafi Makaranta

A shekarar da ciwon idon nan da ake kira afolo ya sauka a Kontagora, wajen farkon shekarun tamanin, ba wanda ya ji daɗin damina sai masu sayar da baƙin tabarau. Ka shiga kasuwa, mahauci da tabarau, mai tumatir da tabarau, har ladanin unguwarmu da tabarau yake kiran azahar. Ido ya yi jajir, ya kumbura, ya yi ta zubar da ruwa, da safe kwantsa ta liƙe shi sai an jiƙa. Ba ya kisa, amma yana zubar wa mutum da girma. Da abin ya shiga yara sosai, sai hukuma ta ce a rufe makarantun firamare har ya lafa.

Kowa ya yi na'am da wannan in ban da Malam Nababa.

Malam Nababa shi ke riƙon ƙwaryar kujerar hedimasta a firamaren unguwarmu tun da tsohon ya yi ritaya. Ba kujerar ce kaɗai ke hana shi barci ba. A cikin harabar makarantar akwai gidan hedimasta, rufin kwano sabo fil, ga famfo a tsakar gida, kuma an kulle shi sai ranar da aka tabbatar da mai kujera. Shi kuwa Malam da matarsa Hadijatu suna haya a wani ɗaki da ke yoyo daidai saitin gado. Hadijatu tana da wani babban daro da aka kawo ta da shi gidan aure, wanda bai taɓa ganin wanki ba tun da damina ta kama, aikinsa tarar ɗigo.

"Hadijatu," in ji shi wata safiya, "fara ɗaure kaya. Kafin a yi girbi kina buɗe famfo da hannunki."

"Bara ma haka ka ce, Malam."

"Bara babu afolo. Bana Allah ya kawo mini dama har gida. Duk hedimastocin garin nan sun noƙe, ni kuwa zan buɗe makaranta a tsakiyar annoba, ba yaron da idonsa zai yi ja."

"Kai da ko ƙaya ba ka iya cire wa yaro?"

"Ke dai kin manta na yi kwas a Minna."

Wannan kwas ɗin, mu mutanen unguwa mun sha labarinsa har ya gundure mu. Na taimakon gaggawa ne, an fara da hantsi an tashi kafin la'asar, rabinsa ma a layin karɓar shinkafa aka yi shi. Amma Malam ya dawo da takardar shaida da wani farin tawul da aka raba wa mahalarta, tun daga ranar likitoci suka zama abokan aikinsa.

Ya buga babur ɗinsa Vespa sai ofishin Alhaji Attahiru, sakataren ilimi. Ya tarar da shi iyaye sun ishe shi da ƙorafi, don jarrabawar shiga sakandare ta matso, 'yan aji shida kuwa suna gida suna wasan langa.

"Ranka ya daɗe, ni na gano bakin zaren," in ji Malam Nababa. "Afolo ba iska ba ne, ba ruwa ba ne. Kallo ne. Daga jan ido yake tsallakowa ya faɗa farin ido, kowa ya san wannan. To in ba wanda ya kalli wani, ta ina zai bi?"

Gaskiya ne kowa a garin haka yake cewa. In ka haɗu da mai afolo a hanya sai ka kau da kai ka gaishe shi ta ƙeya. Bambancin kawai, ba wanda ya taɓa tunanin gina makaranta a kan wannan magana sai Malam Nababa.

Alhaji Attahiru ya ce, "Buɗe ran Litinin. Ran Juma'a zan zo da duba-gari. In na tarar da idanun yara fari, kujera taka ce har da mabuɗin gida. In kuwa na ga ja, Malama Cecilia ce ke biye da kai, ita zan ba."

"Ranka ya daɗe, a fara share gidan kawai."

Daga nan ya zarce rumfar Ndayako mai tabarau, Banufen da ɗansa ke aji biyar a makarantar. Kaya sun ƙare, saura 'yan tsiraru: wani ba ƙafa ɗaya, wani ya tsage, wani na mata ne mai ɗauke da duwatsu masu walƙiya a gefe.

"Malam, yara nawa gare ka?" in ji Ndayako.

"Sun fi ƙarfin lissafinka."

"To tabarau ɗin nan ko hannu ɗaya ba su cika ba."

"Karɓa-karɓa za a yi. Wanda zai fito gaban allo ya sa, in ya gama ya miƙa wa na gaba. Ilimi kenan, Ndayako, ba kasuwanci ba."

Ran Litinin da sassafe Hadijatu ta nemi daronta ta rasa. Yana can bakin ƙofar makaranta cike da ruwan gishiri, Malam Nababa na tsaye a kansa da tawul ɗin Minna a kafaɗa. Duk yaron da ya zo sai ya runtse ido, Malam ya tsoma tawul, ya dirje masa fuska har cikin kwarmin ido, ya matse a cikin daron, ya ce, "Na gaba!"

Malama Cecilia, mai koyar da aji shida, mace mai magana ɗaya, ta tsaya tana kallon ikon Allah.

"Malam, tawul ɗaya ga yaran nan duka?"

"Na Minna ne, Malama."

"Ko na Ikko ne. A asibiti cewa suka yi ta hannu da tsumma ake ɗauka."

"Tsumma! Kin taɓa ganin tsumma da jan ido?"

"Ban taɓa ba."

"To da me zai kalli yaro har ya sa masa cuta? Ki riƙa tunani, Malama. Kuma na san abin da ke damunki, famfon nan kike hange."

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta wuce aji.

Aka kaɗa ƙararrawa aka yi taron safe. Malam ya ba da umarni: yara su juya baya su fuskanci shinge, malamai su fuskanci gabas, shi kuma ya fuskanci bangon ofis. Haka ya fara jawabi, yana yi wa bango bayani a kan tarihin annoba tun daga zamanin Turawa, da yadda ya tsaya gaban manyan likitoci a Minna ya gyara musu kuskure. Jawabi ya yi tsawo, rana ta fara zafi. A jikin shingen kuwa akwai wata kafa da awaki suka buɗe, kuma yaran ita suke fuskanta. Ɗaya ya sulale, biyu suka bi, can sai layi guda ya zube kamar an kwance tsintsiya.

Da ya kai ƙarshe ya ɗaga murya ya ce, "Ku tafa!"

Sai ya ji "Meee!" a bayansa. Akuyar Gogo Asibi ce mai kunu, ta kama gefen babbar rigarsa tana tauna. A filin ba kowa sai 'yan aji ɗaya da ba su san hanyar gida ba.

"Malama Cecilia! Kina tsaye yara suka gudu?"

"Ka ce kada a duba, Malam."

Matan unguwa da suka taru a bayan shinge suna kallo suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Aka bazama lungu-lungu ana kamo yara, kuma duk wanda aka kamo sai an sake bi da shi ta wurin daro, don Malam ya ce wanda ya fita ya shigo da sabon kallo.

Washegari ya zo da gyara. Ya kwance madubin Vespa ɗinsa ya riƙe a hannu, yana koyarwa ya ba yara baya, su ma sun ba shi baya, yana leƙensu ta madubi. Abin da yake gani ƙeyoyi ne kawai. Ƙeyoyin nan kuwa, ta gaba, wasu gyaɗa suke ci, wasu barci, wasu suna ƙulla cinikin goruba.

Ndayako ya kawo ɗansa a makare, ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, kallon madubi ba kallo ba ne?"

"Madubi juya abu yake yi, Ndayako. Hagu ta koma dama. To cuta in ta shiga, lafiya take fitowa."

"Ashe da asibiti sun sani da madubi kawai za su saya."

"Ai shi ya sa na ce maka na gyara musu kuskure."

Lokacin hutun tara aka ba da doka kowa ya yi tafiya yana kallon yatsun ƙafarsa. Yunwa kuwa ba ta san doka ba. Yara suka kwaso da gudu kai a sunkuye, na gaba ya yi karo da bishiyar mangwaro, na baya suka hau kansa, tarin ya gangara ya dira a kan tukunyar Gogo Asibi. Kunun tsamiya ya malale har bakin ofis.

Gogo ta ɗaure zani ta yi kan Malam da ludayi a hannu.

"Kai ɗan nan, tun kafin a haife ka nake sayar da kunu a ƙofar nan, ba a taɓa zubar mini ba sai da ka mai da 'ya'yan mutane tumaki!"

"Gogo, kau da idonki in kina magana da ni."

"Ba zan kau ba! Idona fari tas, wallahi ya fi aikinka haske!"

"Gogo, kimiyya ce. Ba za ki gane ba."

"Kimiyyar ta zo ta dama mini wani kunun!"

Ran Laraba aka wayi gari wasu yara suna murza ido. Malama Cecilia ta jawo wata yarinya ta kai masa har ofis ta ce ya duba. Ya duba ta madubi, ya ga ja kamar gauta, ya gyaɗa kai cike da gamsuwa.

"Gishiri ne ke aiki. Dauɗar ce ke fitowa. Ba ta tabarau ta sa, in ta huta ta miƙa wa na kusa da ita."

"Malam, ka mai da yaran nan gida tun da sauran dama."

"In mai da su gida ki shiga gidan famfo? Malama, ban zo duniya jiya ba."

Duk da haka ya ga ya kamata a ƙara ƙarfin magani. Ya koma gida ya ɗauko tandun kwallin Hadijatu, ya dawo ya jera yara, maza da mata, ya bi su da tsinke ɗaya yana zizara musu. Kwalli, in ji shi, katanga ce, kallo in ya zo sai ya yi karo da baƙi ya koma. Da yamma ƙattin 'yan aji shida suka fito gari rangaɗau da kwalli, 'yan kasuwa na yi musu guɗa.

Ndayako ya zo har ƙofar gida yana huci. "Malam, namiji na kai maka makaranta, ka dawo mini da amarya!"

"Idonsa fa?"

"Ja!"

"To ka gode wa Allah, da ba kwalli da ya fi haka."

Ran Alhamis Malam da kansa ya fara jin kamar an zuba masa yashi a ido. Bai gaya wa kowa ba. Ya zaga wurin Sati mai walda ya aro tabaran aikinsa, irin mai kofuna biyu da roba a ƙeya, wanda in ka sa ko rana sai ka neme ta. Ya ce wa Sati na bincike ne.

Safiyar Juma'a Hadijatu ta gama ɗaure kaya tsaf, tukwane a buhu, tabarmi a naɗe, har ta yi sallama da maƙwabta. Ta juyo ta ga mijinta zaune bakin gado yana laluben bango, idanu a liƙe.

"Malam, buɗe idonka mana."

"Tunani nake yi."

"Tunanin ne ya yi kwantsa haka? Inna lillahi! Afolo ne!"

"Rufe mini baki! Gajiya ce. Kawo ruwan ɗumi."

Ta jiƙa masa har suka buɗe, ta ja da baya ta ce, "Don Allah ka zauna a gida. Ka aika a ce ba ka da lafiya."

"Yau? Ranar mabuɗi? Ke dai ki zauna kusa da kaya."

Ya ɗaura tabaran walda, ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya hau Vespa da ba madubi. Mu da ke zaune a bakin titi mun ga wucewarsa, yana tafe yana gaida turakun lantarki. A kwanar makaranta hanya ta yi dama, shi ya yi gaba, ya shige gonar masarar liman har ya ɓace, sai ƙarar inji da karyewar kara. Aka zaro shi da gemun masara a hula, taɓo har gwiwa, yana cewa da ma gajeriyar hanya yake nema.

Kafin ya iso, motar Alhaji Attahiru ta riga shi. Unguwa kaf ta taru a bakin shinge, don labari ya zaga cewa yau za a ba Malam mabuɗi. Yara na jere a fili sun ba da baya kamar kullum. Malam ya shigo yana ɗaga ƙafa sama-sama, ya hangi wata inuwa mai faɗi, ya zube a gabanta.

"Ranka ya daɗe! Barka da sauka! An zo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan," in ji Gogo Asibi. "Tashi, na yafe maka kunun."

Shinge ya ɗauki ihu. Malama Cecilia ta kamo hannun rigarsa ta juya shi wajen baƙi. Alhaji Attahiru ya dube shi daga hula har takalmi.

"Malam Nababa, walda ka koma?"

"Sabon tsari ne, ranka ya daɗe. Amma kafin komai, doka ba ta bar kowa ba. Duk mai shiga makarantar nan sai an tsarkake shi."

Daron na nan a gefensa, ruwan cikinsa tun na Litinin ake ƙara masa gishiri, ya koma kalar kunun kanwa. Kafin duba-gari ya buɗe baki, Malam ya tsoma tawul, ya lalubo kan sakataren ilimi, ya dirje masa fuska da kyau, har da ƙarin zagaye a kwarmin ido saboda girmamawa. Hular Alhaji ta faɗa cikin daro.

Alhaji Attahiru ya tsaya ruwa na ɗiga daga gemunsa. Duba-gari ya sa sanda ya ɗago tawul ɗin daga nesa kamar mataccen ɓera.

"Da wannan kake goge musu ido?"

"Kowace safiya," in ji Malam da alfahari. "Ba yaron da na tsallake. Da hannuna."

Alhaji ya share fuska da hannun riga, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yara, ku juyo."

"Ranka ya daɗe, kallo..."

"Na ce ku juyo!"

Suka juyo. Ni dai ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Fili guda na idanu jajaye, kumburarru, kowanne an zagaye shi da kwalli yana zubar da baƙin hawaye. Yarinya ɗaya ce tak a layin gaba ba a ga nata ba, don ita ke da rabon tabarau mai duwatsu a ranar. Iyaye mata suka ɗora hannu a ka suna salati. Wani daga bayan shinge ya ce, "Kai, ko a kasuwa ba a tara barkono haka ba!"

"Malam Nababa, cire tabaran nan."

"Ranka ya daɗe, na bincike ne."

"Cire."

Ya ja robar, ta kuɓuce ta ɗalle masa kunne. Idanunsa suka bayyana, sun fi na kowa, kamar an soya su a manja. Ya ɗaga su da ƙyar ya sauke a kan Alhaji Attahiru, a karo na farko a makon nan ya dubi mutum ido da ido.

"Gishiri ne ke aiki," in ji shi, amma muryar ba ta kai shinge ba.

Nan take aka sallami yara, duba-gari ya ce a kai su asibiti a ɗiga musu magani, a ƙone tawul. Malam ya roƙa a bar masa shi ko don tarihi, ba wanda ya saurare shi. Alhaji Attahiru ya zaro mabuɗi daga aljihu, a gaban kowa ya miƙa wa Malama Cecilia, ya shiga mota ba hula.

Abin da ya fi ciwo, a makon da ya biyo baya afolo ya lafa a gari, aka buɗe duk makarantun Kontagora. Tamu kaɗai ta rage a rufe, ana jiran idanun yara su washe.

Wata rana da la'asar, hadari ya haɗo. Hadijatu ta gama kwance kayan da ta ɗaure, ta mai da tukwane inda suke. Daronta ya dawo daga makaranta, ta wanke shi da toka har sau ba adadi. Malam na zaune bakin gado da tsumma a ido sai ga Ndayako ya yi sallama daga zaure, ya ɗaga murya ya ce an ga sakataren ilimi a ofis da baƙin tabarau, afolo ya kama shi.

Malam ya yi zumbur ya miƙe.

"Hadijatu, kin ji? Kin ji ko? Mutumin nan ya tilasta mini na cire tabarau, ya kalle ni ido cikin ido, ga shi nan ya kamu! Ba na faɗa ba? Kallo ne! Wallahi da sun bar ni na ƙara mako ɗaya..."

Ruwa ya sauko. Ɗigon farko ya faɗo masa a tsakar ka, na biyu ya gangara ta bayan kunne. Hadijatu ta jawo daron da ƙafa har gabansa.

"Matsa, Malam," ta ce. "Kana tsaye a wurin aikinsa."